Zango da Harshe: Asalin Radiyo da Telebijin da Yaɗuwarsu a Ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron radiyo da Hausa ya san kalmomin nan: gajeren zango, matsakaicin zango, mita 49, mita 31. Mai gabatar da shiri kan faɗe su a farkon fili da ƙarshensa, mai sauraro kuwa ya haddace su kamar sunayen unguwannin garinsu, ba tare da ya tsaya tambayar abin da a ke aunawa ba. Kalmar zango ta fatake ce. A bakin mutanen ayari, zango shi ne masaukin da a ke sauke kaya a kwana, kuma shi ne tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba. Bisa wannan ma'ana, gajeren zango tafiya ce ta kusa. Amma a radiyo gajeren zango shi ne ya fi cin nisa, shi ne ke ɗauko murya daga London ya sauke ta a rugar makiyayi a arewacin Tanut.

Manufar wannan bayani ita ce warware wannan ƙulli, tare da nuna cewa batun bai tsaya ga masu gyaran akwati ba. Nisan da murya ke kaiwa ya rataya ne ga tsawon zango, irin Hausar da a ke ji a iska kuwa ta rataya ga wannan nisa.

2. Yadda murya ke tafiya ba waya

Murya kaɗawar iska ce. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawar da ta kama daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa, yana tafe yana raunana, shi ya sa shelar sanƙira, kome ƙarfin maƙogwaronsa, ba ta wuce bakin kasuwa. Kafin murya ta ƙetare daji sai an aza ta bisa wani abin hawa da ya fi ta sauri da juriya.

A 1864 wani masani ɗan Sikotland, James Clerk Maxwell, ya nuna ta hanyar lissafi cewa ƙarfin lantarki da na maganaɗisu suna iya haɗuwa su yi tafiya cikin sarari da saurin haske, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa. A 1887 da 1888 Bajamushe Heinrich Hertz ya tabbatar da haka da gwaji a garin Karlsruhe. Don tunawa da shi ne a ke kiran kaɗawa ɗaya a daƙiƙa hertz, dubu kilohertz, miliyan megahertz.

Idan aka jefa dutse cikin tabki, ruwa kan tashi tozo-tozo yana faɗaɗa zuwa gaɓa. Igiyar radiyo haka ta ke bazuwa daga eriya, sai dai ido ba ya ganinta. Ratar da ke tsakanin tozo da tozo ita ce a ke kira zango, ita ce kuma a ke aunawa da mita. Lissafinta mai sauƙi ne: a raba 300,000 da yawan kilohertz. Alal misali Muryar Sahel ta daɗe tana watsa shiri a kan kilohertz 9,705, wanda idan aka raba ya ba da kimanin mita 31. Ke nan gajartar ta taku ce, ba ta tafiya ba: igiya mai saurin kaɗawa takunta gajere ne.

A gidan radiyo makirfo yana mai da murya ƙarfin lantarki mai hawa da sauka. Injin watsawa kuma yana haifar da igiya mai kaɗawa daidai wa daida, wadda ba ta ɗauke da kome. Ita ce raƙumi, murya ita ce kaya. Hanyar ɗaurin kayan iri biyu ce. Ta farko, a riƙa ƙara ƙarfin igiyar ana rage shi gwargwadon murya, ita ce AM. Ta biyu, a bar ƙarfin yadda ya ke, a riƙa ƙara saurin kaɗawa ana rage shi, ita ce FM. Akwatin mai sauraro yana aiki uku: ya tsamo igiya ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ke taɓa eriyarsa, abin da a ke nufi da kama tasha, ya kwance muryar daga kanta, sa'an nan ya ƙarfafa ta ya miƙa wa lasifika.

3. Zanguna da halayensu

Matsakaicin zango ya kama daga wajen mita 190 zuwa 560. Igiyarsa bin ƙasa ta ke yi, da rana takan kai kilomita ɗari ko ɗaruruwa kaɗan, gwargwadon ƙarfin inji da danshin ƙasa. Busasshen rairayi yana shanye ta da wuri. Da dare kuwa sai a ji tashoshin nesa sun bayyana, har suna hawa kan juna.

Dalilin haka yana can sama. Daga wajen kilomita 60 zuwa sama akwai rufin iska da hasken rana ke cika shi da ƙarfin lantarki, masana suna ce masa iyonosfer. Kennelly da Heaviside suka yi hasashensa a 1902, Appleton ya tabbatar da shi a 1924. Rufin hawa-hawa ne. Hawan ƙasa yana shanye matsakaicin zango muddin rana na sama, idan ta faɗi sai ya watse, igiyar ta samu hanya ta kai hawan bisa ta dawo ƙasa can nesa.

Gajeren zango, daga mita 10 zuwa 100, da wannan rufi ya dogara dare da rana. Igiyar takan tashi a karkace, ta bugi hawan da ke wajen kilomita 300, ta dawo ƙasa, ƙasa ta sake tura ta sama. Tsalle guda yana iya kai kilomita 3,000 ko fiye. Saboda haka ne wani lokaci na kusa da inji ba ya ji, na nesa yana ji tangaran, don igiyar ta tsallake kan na kusa. Saboda haka ne kuma tashoshi ke sauya mita bisa ga lokaci, 16 ko 19 da rana, 41 ko 49 da dare, kuma murya ta riƙa zuwa tana komawa yayin da rufin ke motsi. Illar AM ita ce ƙarar walƙiya, wadda mazauna Sahel suka sani sarai da damina.

FM, wadda Ba'amurke Edwin Armstrong ya yi wa rajista a 1933, tana aiki tsakanin megahertz 87.5 da 108, zangonta wajen mita 3 ne kawai. Igiya mai wannan gajarta huda rufin sama ta ke yi ta wuce, ba ta dawowa. Tafiyarta miƙaƙƙiya ce kamar ta haske, iyakarta inda ido zai hanga daga kan eriya. Hasumiya mai tsawon mita 100 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa takan kai wajen kilomita 40. Ladan wannan gajeren hannu shi ne tsabtar murya, domin walƙiya ƙarfin igiya ta ke ɓatawa, akwatin FM kuwa bai kula da ƙarfi ba.

4. Daga wayar iska zuwa gidan radiyo

Guglielmo Marconi, ɗan Italiya, ya fara gwaje-gwajensa a 1895 kusa da Bologna. Ran 12 ga Disamba 1901 ya ba da sanarwar ya kama alamar da aka bugo daga Poldhu ta Ingila, shi kuwa yana tsibirin Newfoundland, a ɗaya gaɓar tekun Atlantika. Amma wannan tangarahu ne, ɗigo da ja, ba magana ba. Shi ne abin da Hausawa suka fara sani da sunan wayar iska. Ɗaukar murya ta samu ne da aikin Reginald Fessenden a kan AM, da kuma ƙwan lantarkin da Fleming ya ƙera a 1904, Lee de Forest ya kyautata shi a 1906 har ya zama mai ƙarfafa raunanan igiyoyi.

Sabon abu na gaba ba na inji ba ne, na tunani ne: maimakon mutum ya aika wa mutum saƙo, a yi magana ga duk mai akwati, a kan lokaci sananne. Kalmar watsawa ta dace da wannan, don manomi ma haka ya ke watsa iri. Ran 2 ga Nuwamba 1920 tashar KDKA ta Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban Amurka. A ƙarshen 1921 aka fara shiri daga hasumiyar Eiffel a Paris, a 1922 aka kafa BBC.

Da fari hukumomi sun ɗauka zangon da bai kai mita 200 ba ba shi da amfani, suka bar wa masu wasa da injuna a gidajensu. A Nuwamba 1923 biyu daga cikinsu, Léon Deloy a Nice da Fred Schnell a Amurka, suka yi musayar saƙo a kan zangon da bai fi mita 110 ba. Abin da aka raina shi ya zama hanyar dauloli: Faransa ta buɗe Poste Colonial a 1931, Ingila ta buɗe sashen daularta a 1932, dukansu don Turawan da ke zaune a ƙasashen mulkin mallaka.

Talakan karkara bai shiga wannan sha'ani sosai ba sai da aka ƙirƙiro taransisto a 1947, aka fara sayar da ƙaramin akwati mai aiki da shi a 1954. Akwatin dā babba ne, mai tsada, mai bukatar wutar gari ko babban batir. Na taransisto kuwa pil kaɗan sun ishe shi, yana rataye a kafaɗar makiyayi ko a rumfar tela.

5. Telebijin

Hoto ya fi murya nauyin ɗauka. Dabarar ita ce a yanka shi layi-layi, a karanta hasken kowane layi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, a aika, akwati ya sake jera su. A tsarin da Turai da Afirka suka bi, hoto ɗaya layi 625 ne, kuma hotuna 25 ke wucewa a daƙiƙa. Ido yana riƙe abin da ya gani na ɗan lokaci, don haka sai ya ga motsi. John Logie Baird ya nuna hoto mai motsi a London a Janairu 1926 da faifai mai juyawa, Philo Farnsworth ya yi nasa da lantarki zalla a 1927, BBC ta fara shiri na kullum da layi 405 a Nuwamba 1936.

Tashar matsakaicin zango kilohertz 9 ta ke ci a sarari, ta telebijin kuwa megahertz 7 ko 8, watau kusan ninki 900. Gajeren zango gaba ɗayansa ba zai ɗauki fiye da tashoshi uku ba. Dole telebijin ya koma ga zanguna irin na FM da waɗanda suka fi su gajarta, ya gaji iyakarsu. A ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 kamar Nijar, inda tsakanin Yamai da Damagaram kaɗai akwai wajen kilomita 900, wannan yana nufin jera hasumiyoyi suna miƙa wa juna hoto. Tauraron ɗan Adam ne ya sassauta wannan wahala: Telstar ya ƙetarar da hoto bisa Atlantika a 1962, daga baya aka riƙa ajiye taurari a nisan kilomita 36,000, inda su ke juyawa daidai da duniya, su zama kamar hasumiya tsayayya.

Launi kuma, wanda a ke haɗawa daga ja da kore da shuɗi, ya zo da tsari uku masu hamayya: NTSC na Amurka, PAL na Jamus, SECAM na Faransa. Nijar ta ɗauki SECAM, Najeriya ta ɗauki PAL, akwatin da aka yi don ɗaya kuwa ba ya nuna launin ɗayan. Iyakar da radiyo bai taɓa sani ba tsakanin Maraɗi da Katsina, telebijin ya zo da ita. Tsarin lambobi, wanda ke mai da hoto ƙididdiga ya cusa tashoshi da yawa a gurbin guda, shi ya kawar da wannan bambanci. Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin komawa gare shi, ko da ya ke ƙasashen Afirka da dama sun wuce wa'adin.

6. Isowarsu ƙasar Hausa

BBC ta buɗe sashen Hausa ran 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15. Radiyo Nijar ta fara aiki a Yamai a 1958, shekarar da aka kafa Jamhuriya, da taimakon hukumar Faransa mai suna SORAFOM. Gidan radiyo da telebijin na Kaduna ya buɗe a 1962, bayan Ibadan ta riga kowa a Afirka ta Yamma da telebijin a 1959. Muryar Jamus da Radiyon Sin suka fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007.

Nijar ta yi gwaji biyu da suka jawo hankalin masana na waje. Na farko shi ne ƙungiyoyin sauraro da a ke kira radiyo-kulob, waɗanda aka kafa a 1962: mutanen gari su taru su saurari shiri a kan noma ko lafiya, su tattauna, jagoransu ya naɗi maganarsu a faifai ya aika Yamai, a sa ta a iska. Manomi ya ji muryar manomi. Na biyu shi ne telebijin na makaranta da ya fara a 1964, inda yara ke ɗaukar darasi da Faransanci daga akwati, wasu akwatunan ma da hasken rana su ke aiki. Ashe a Nijar telebijin ya shiga aji shekara 15 kafin ya shiga gidaje. An kafa hukumar ORTN a 1967, radiyon ƙasa ya ɗauki sunan Muryar Sahel a 1974, Tele Sahel ta fara shiri ga jama'a a 1979. A nan ne wasannin kwaikwayon ƙungiyar Yazi Dogo suka tara mutane gaban akwati ɗaya a dandali. A 2022 aka mai da sunan hukumar RTN.

Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. R et M ta fara a Yamai a 1994, Anfani ta biyo baya, a 1999 kuma aka buɗe radiyon karkara na Bankilare. Dukansu a kan FM.

7. Abin da zango ya yi wa harshe

Radiyo ya tarar da Hausa da wata baiwa da takarda ta hana ta. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar fara a takarda ɗaya ce, a baki uku ce: ta launi, ta ƙwaro, ta soma aiki. Haka gari na zama da gari na tuwo, da wuya ta jiki da wuya ta wahala. AM tana yanke sautin da ya haura wajen hertz 4,500, abin da kan dusashe s da sh da ts, amma karin sauti da tsawon wasali suna ƙasa da wannan iyaka, suna isa lafiya ko cikin ƙarar damina. Wanda bai taɓa shiga lakol ba ya samu cikakken harshensa daga akwati.

Zamanin gajeren zango zamanin murya ɗaya ne ga jama'a mai yawa. Mai karanta labarai ya san ana jinsa a Agadas da Kano da zangon Kumasi da garuruwan Hausawan Sudan a lokaci guda, tilas ya nemi Hausar da kowa zai gane. Tashoshin waje suka rungumi wadda aka daidaita a Zariya bisa karin Kano, ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Mutumin Adar da ke cewa munka tahi, hwari, biyat, ya saba da jin muka tafi, fari, biyar, har ya iya su ba malami. Abin da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 suka nema wajen daidaita rubutu, radiyo ya riga ya yi rabinsa a kunne.

Fassarar kullum kuma ta tilasta ƙirƙira. Labari yana zuwa da Faransanci a Yamai, da Ingilishi a Kaduna da London, kuma agogo ba ya jira. Inda aka yi aro, harshe ya rabu biyu: kuran da lantarki, pil da batir, parmi da lasisi, lokotoro da likita. Inda aka ƙera kalma daga cikin gida kuwa, ta ƙetare iyaka ba fasfo: Majalisar Ɗinkin Duniya, jirgi mai saukar ungulu, yaƙin cacar baka, zaɓen raba gardama, makaman ƙare dangi, tauraron ɗan Adam. Wannan darasi ne ga duk mai aikin ƙirƙirar kalmomi. Aro yana bin tutar wanda aka ara gare shi, ƙirar gida kuwa ta kowa ce.

FM ta juya al'amarin. Tashar da ba ta wuce kilomita 40 ba ba ta da dalilin kwaikwayon Kano. Adaranci da Gobiranci da Arewanci da Damagaranci suka hau iska da sunka da anka, kuma wayar salula ta ba mai sauraro damar mai da magana nan take. Wannan riba ce babba ga mai nazarin karin harshe. Amma tana tafe da hasara. Yawan tashoshi ya fi yawan horarrun ma'aikata, sai a ji jimla Bahaushiya a sama, ƙashinta na Faransanci ne ko na Ingilishi. Kalmar mita kanta shaida ce: akan ji mai shela ya ce tasharsa tana kan mita 90 ko 100, alhali megahertz ya ke nufi, zangon nasa wajen mita 3 ne kawai. Kalmar ta rabu da ma'auninta ta zama sunan gurbin tasha kawai.

Akwai kuma bambanci na iko. Gajeren zango daga sama ya ke saukowa, bai san kan iyaka ba. FM kuwa hasumiyarta a cikin gari ta ke, da izinin hukuma ta ke aiki, kamar yadda aka gani a Agusta 2023 sa'ad da aka dakatar da RFI da France 24 a Nijar.

8. Kammalawa

Gajeren zango ya haɗa Hausa wuri ɗaya, FM ta mayar wa kowane yanki muryarsa, intanet kuma ta zo tana haɗa halayen biyu, don tashar ƙauye tana iya kaiwa ga ɗan garin da ke ci-rani a Abijan. Kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Nauyin da wannan ya aza wa masu nazarin harshe a fili ya ke. Ana bukatar ƙamus na kalmomin labarai da za a yi tare da ma'aikatan tashoshi na ɓangarorin iyaka biyu. Ana bukatar horar da masu fassara. Ana kuma bukatar juyar da tsofaffin faya-fayen radiyo-kulob da na mawaƙa irin su Ɗan Gurmu zuwa tsarin lambobi, domin zaren maganaɗisu ba ya jure zafi da ƙura, kuma a cikinsa ne Hausar manoman 1962 ta ke ajiye, da karinta da tsawon wasulanta, yadda babu littafin da ya rubuta ta.